Yaron Jikin Ganuwa

Ibtisam mai hoto ba ta son yara su tsaya su gyara. Ta fi so ta laɓe ta ɗauke su suna cikin wasa. Ran nan daf da magariba, a Ƙofar Galadima, ta ga yara na langa a jikin tsohuwar ganuwa, ta haske su da filashi ko bismillah babu. Wani yaro ya ƙwalla ƙara, alhali duk waɗanda take gani dariya suke yi.

Bayan isha'i tana komawa gida, lungu ya yi tsit, har gyare ya daina kuka. Wata mata ta tare ta, riƙe da hannun yaro.

"Baiwar Allah, ke ce mai hoton?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ɗana wasansa yake yi, me ya yi miki? Dube shi."

Yaron ya ɗago. Hasken filashin yana nan cikin idonsa na dama, fari fat, bai mutu ba.

Bakin matar a rufe yake, muryarta kuwa ta bayan Ibtisam take fitowa.

"Ba duka biyun zan karɓa ba. Wanda kike leƙa kyamara da shi nake so."