Shuɗin Ƙarƙashin Fenti

Ranar kasuwar garin Isa, Shafi'u, wani mai fentin mota daga Sabon Birni, ya shigo rumfar gyaran waya, hannu duk ƙurar fenti, ya ajiye wayarsa gaban Nuriyya.

"Tinar haɗa fenti ta zube mata. Akwai sauran rai?"

Ta buɗe bayanta, ta hura. "Gilashin ya mutu. Kai ba ka da aljihu?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Tun da 'yan bindiga suka tare mahaifinta Malam Wada a hanyar Sabon Birni, suka kashe shi, suka tafi da motarsa, haka take. Ta ci, ta yi salla, ta gyara waya. Uwarta Larai kuwa ta zaga ofisoshi har takalmi ya cinye, kowa sai "a yi haƙuri". Haƙurin me? Haƙuri na tada mamaci?

Da wayar ta tashi, ita ya fara turo wa saƙo.

"Likitar waya, ni ma ban da lahiya, a duba ni."

"Ba ni duba mutane."

"To za ni zama waya."

Haka aka soma. Yakan zo zance da la'asar, ya cika ta da labarin tsohuwar motar da ya saya wajen wani dillali a Sabon Birni. Baƙin fenti aka yaɓa mata kamar kwalta, shi kuma yana kankare shi da samfefa a hankali, don wuta na lanƙwasa ƙarfe. Nuriyya tana jinsa kamar ruwan da ake yi a wani gari. Amma ran da bai zo ba, sai ta yi ta duban zaure.

Samarin garejinsu suna da al'ada: motar da aka kankare, kafin a fesa mata sabon fenti sai an zaga gari da ita haka nan, ranar Juma'a da yamma. Abokinsa Anas ya ce, "Mu wuce har Isa, mu bi ta ƙohwar surukai, a ga aiki!"

Suka biyo suna danna hon, Larai na bakin zaure. Baƙi ya fita, shuɗin ƙasa ya bayyana, ga tabon walda a ƙofar direba, inda wani sa ya taɓa tunkuyar motar Malam Wada.

Larai ta tsaya tsakiyar hanya. "Tsaya, ɗan nema! Motar mijina ta!"

"Inna, wallahi saye na yi…"

"Kak ka ce min Inna! Wanda ya hau jinin Wada ba shi auren ɗiyar Wada!"

Nuriyya ta leƙo, ta ga shuɗin, ta koma ta ci gaba da tsintar shinkafa. Saƙo ya shigo: "Likitata, ban sani ba. Ki yarda da ni." Ta karanta, ta kife wayar.

Anas ya ba shi shawara. "Hesa mata ja, ka ƙetara Nijar ka saida. In ka ambaci dillalin ga, ba ka ƙara kwana lahiya garinku."

Shafi'u ya san gaskiya Anas ya faɗa. Duk da haka da hantsi ya faka a ƙofar gidan, ya durƙusa, ya miƙa makulli.

"Inna, ga motarku. Na san wanda ya saida min, na san gidanai. Shiga mu tahi wurin 'yan sanda, da bakina za ni hwaɗi sunanai."

Larai ta daɗe tana kallonsa. Tun rasuwar, ba namijin da ya taɓa ce mata "mu tafi". Ta gyara mayafi ta shiga.

An kama dillalin. Masu harbin kuwa har yau suna daji, duk wanda ya ce an yi adalci ƙarya yake. Shafi'u ma zaman Sabon Birni ya gagare shi, ya kwaso kayan aikinsa ya dawo Isa.

Larai ta kira ƙanin mijinta, ta ce, "A ba shi Nuriyya."

Bayan girbin gero aka ɗaura. Ana shirin fita da amarya, ta turo masa saƙo: "Har yanzu zuciyata kamar dutse take. Ka sani tun yanzu."

"Na sani, likitata. Ba ni gaggawa."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta riƙe wayar a ƙirji har aka jawo ta gaban uwarta.

Larai ta dafa kanta. "Allah shi ba ku zaman lahiya. Allah shi tsare muku hanya, tahiya da dawowa. Wanda duk ya nuhe ku da sharri, Allah shi isar muku tun nan duniya."

Mata suka amsa. Daga ƙarƙashin lulluɓi, a hankali, Nuriyya ma ta ce amin.