Tawa Tukuna

Ku yara masu son shugabanci, ku rufe baki ku saurara!

Da can a wani ƙauye, aka naɗa wani manomi dattijon ikkilisiya. Bisa al'ada, gonar gwauruwa ake fara kai wa gayya, amma shi sai ya kai mutane gonarsa.

Gwauruwar ta ce, "Baba, ba Littafi ya ce babba shi ne mai hidima ba?"

Ya ce, "Tawa tukuna."

Ciyawa ta cinye dawarta, ta kwashe 'ya'yanta ta bar ƙauyen.

Da wata damina ta zagayo, ciwo ya kwantar da dattijon. Ya aika neman gayya, mutane suka ce, "Baba, tamu tukuna."

Yana kwance a bakin ƙofa, yana kallo, har ciyawa ta cinye dawarsa.