Kiryar da Ta Rage a Bakin Rafi

A can wani zamani an yi wani mai gawayi, yana zaune da mahaifiyarsa a bakin rafi. Itatuwan kirya bakwai ne tsakanin gidansu da ruwa.

Duk sanda ya ɗauki gatari sai tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, saiwarsu ce fa ke riƙe mana ƙasa."

Shi kuma ya ce, "Guda ɗaya ce kawai, Inna."

Haka ya yi ta sara har saura ɗaya. Ranar da ya nufo ta, ya tarar Inna ta shimfiɗa tabarma a gindinta, ta ƙi tashi. Ya koma yana ƙunƙuni.

Da damina ta yi nisa, wata rana da hantsi rafi ya kawo. Gaɓa ta fara zaftarewa. Rumbu ya tafi, turken awaki ya tafi, bangon ɗaki ya tsage. Ya goya Inna ya ruga, ya rungume kiryar nan, ruwa na ruri ta ko'ina.

"Inna, za ta riƙe mu kuwa?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Guda ɗaya ce kawai."