Katin da Idrisu Ya Ara

Ranar da Saudat ta fara ganin Abdulbaqi, kwana tara ke nan da rasuwar yayanta Idrisu. Ni mahaifiyarsu ni na aike ta ƙaramin asibitin kamfanin roba da ke Sharada ta karɓo takardar rasuwarsa, don ƙafata ba za ta iya kai ni wurin ba.

Abdulbaqi shi ne sabon shugaban asibitin, satinsa guda da zuwa. Ya duba katunan marasa lafiya kaf, babu sunan Idrisu.

"Malama, kin tabbata a nan aka duba shi?"

"A kan gadon can ya cika," in ji ta. "Ko gadon ma za ku ce babu?"

Ya sunkuyar da kai, ya jawo mata kujera, ya roƙe ta kwana biyu.

Da kansa ya zo gidanmu a Zawaciki ya faɗa mana abin da ya gano. Ma'aikatan dindindin kawai kamfanin ke ba kati. Leburorin da ake ɗauka kullum a bakin ƙofa, irin su Idrisu, in ciwo ya kama su sai su ari na aboki. Inji ya yanki Idrisu a hannu, wurin ya yi ruwa, ya ari katin abokinsa Ya'u. Katin ya nuna an taɓa yi wa Ya'u wata allura lafiya lau, sai nas ta yi wa Idrisu ita ba tambaya, ita ce ta zama ajalinsa. Idrisu ya san akwai allurar da jikinsa ba ya ɗauka tun yana yaro, amma ya yi shiru kada a gane a kori Ya'u daga aiki.

"Laifinmu ne, Baba," ya ce wa mahaifinsu Malam Lawan. "Ba mu tambaya ba."

Malam bai ko ɗago ba. Saudat ce ta raka shi zaure.

Daga kiran ta'aziyya aka koma kiran jin lafiya. Wata huɗu ban ji dariyar yarinyar nan ba, sai ran da na ji ta a waya tana cewa, "Oga, kai da ko allura ba ka iya ba, wane irin shugaban asibiti ne kai?"

Ta nuna mini saƙonsa daga baya: "Sauda tawa, aikina in tabbatar mai allurar ya yi daidai. Kin ci abinci? Kada ki ce mini e alhali shayi kika sha."

Da ya turo kawunsa neman izini, Malam ya ce a'a.

"Ba zan ba da 'yata ga gidan da ya cinye ɗana ba."

"Malam, yaron nan bai zo ba lokacin," na ce.

"Kujerar dai ɗaya ce."

A cikin wannan hali kuma labari ya zo mana cewa Abdulbaqi ya hana aron kati kwata-kwata. Saudat ta yini kuka. Ta rubuta masa: "Yanzu lebura ya mutu a bakin ƙofa ke nan? Gara Yaya, ya samu gado. Kada ka sake kira na."

Ya amsa: "Ban kori kowa ba, masoyiyata. Na rubuta wa manyan kamfani gaskiyar mutuwar Idrisu, na sa hannu. Sun ce ina neman rasa aikina. Na ce na ji, amma a bar ni in buɗe wa kowane lebura katinsa. Sun bari na wata shida, su gani. Ko ba ki aure ni ba, wannan zan yi."

Ta karanta wa babanta a gabana. Ya ce, "Daɗin baki ne na masu boko."

Ranar Litinin da safe Malam ya shiga gidan maƙwabcinmu Labaran, wani dattijo da ke gadi a kamfanin, ya ari katinsa, ya hau adaidaita zuwa Sharada. Ba wanda ya san shi a can, Abdulbaqi kuma yana ofis. So yake ya ga ko za su duba shi a matsayin Labaran su sallame shi.

Bai dawo ba sai bayan azahar. Ya zauna a tabarma ko takalmi bai cire ba.

"Hauwa," ya ce mini, "ita ce. Nas ɗin da ta yi masa allurar."

Na matso kusa da shi, ya ci gaba.

"Ta karɓi katin, ta dube ni, ta ce, 'Baba, mene ne sunanka na gaskiya? Ba za a kore ka ba, ba za a taɓa mai katin ba.' Sannan ta ce, 'Akwai maganin da jikinka ba ya ɗauka?' Na ga kowa haka take tambayarsa, har masu tari. Na ce mata ni ne uban Idrisu. Ta durƙusa tana kuka, ta ce ita ta yi masa allurar, ni ma ban san lokacin da na fara ba."

Ya share fuska da hularsa.

"Tambaya biyu, Hauwa. Da an yi masa su da yana nan."

Can ya kira Saudat. "Ki gaya wa yaron nan ya turo magabatansa."

An ɗaura aure wata Asabar a ƙofar gida, ba kiɗa, don ba mu da zuciyar biki. Leburorin Sharada sun cika layinmu, wasu da kayan aiki a jikinsu. Da za a tafi da ita, Abdulbaqi ya durƙusa a gabana.

"Inna, ban san ko za su bar ni a aikin bayan wata shida ba."

"Ko sun bari ko ba su bari ba, na ba ka ita," na ce.

Na riƙe hannunta na sa a nasa, na yi musu addu'a. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya sa kada ku binne ɗa da hannunku. Idrisu kuma Allah Ya haskaka kabarinsa.