Muryar Auta A Bangon Falo

— Gida, kunna fanka!

— An kunna, Mama. Allah ya ƙara lafiya.

Malama na tsaye a ƙofar kicin riƙe da faranti, ba ta motsa ba har maganar ta ƙare. Muryar mijinta ce ke fitowa daga ƴar sifikar da ke manne a bangon falo. Shi kuwa mai muryar, wata bakwai ke nan yana tsakiyar teku, yana gyaran wayoyin wuta a jirgin dakon kaya, inda sai a yi sati uku netwok bai leƙo ba.

Kafin ya tafi ya haɗa fitilu da fanka da makullin get a waya guda, saboda ciwon gwiwar mahaifiyarsa. Da ya ga Mama ba ta shiri da latse-latse, sai ya ƙara na'urar da ke jin umarni da baki, ya kwashe kwana biyu yana ɗaukar muryarsa don na'urar ta riƙa amsawa da ita. Sai dai na'urar ba ta jin kowa sai wanda aka yi wa rajista. Da ya ce Malama ta matso a ɗauki tata muryar, Mama ta kafe.

— Auta, gidan nan na ubanka ne. Kai da take juyawa ka ishe ta, ba sai an haɗa mata da bango ba!

Auta ya sosa ƙeya, ya miƙa wa Mama wayar, ya ce duk ranar da ta ga dama ta ɗora yatsanta a ƙara wani. Mama ta jefa wayar a durowa. A ganinta Malama ce ta zuga ɗanta ya tafi nema, alhali yarinyar har ƙafarsa ta riƙe tana kuka kada ya je.

Haka aka zauna. Malama ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta yi girki, ta shafa wa Mama magani a gwiwa, tukuicinta harara. Kewar mijinta kuwa ta cinye ta har zobe ya fara zamewa daga yatsanta. Abin da ke riƙe da ita ɗaya ne: Mama ba ta barin fankar nan ta huta. Ko garin da sanyi, a kunna, a kashe, a sake kunnawa, kamar fankar ta yi mata laifi. Duk sanda ta ɗaga murya, Malama za ta saki abin da take yi ta laɓe bayan labule.

Ranar Laraba yayar Malama ta zo, ta ƙare mata kallo, ta tafa hannu.

— Dubi wuyanki! Gidan da ko fitila ba ta san da zamanki ba? Wallahi ranar Asabar zan zo da mota, ki haɗa kayanki. In ya dawo ya zo ya same mu.

— Yaya, idan na tafi, a ina zan riƙa jin sa?

— A bango za ki ƙare aure? Ni dai na gama magana!

Malama ta haɗa akwati tana hawaye, ita kanta ba ta san ko za ta shiga motar ba.

Washegari mura ta kama Mama, muryarta ta dishe gaba ɗaya. Malama ta dawo da azahar ta tarar da ita a falo, gumi sharkaf, tana ta motsa baki ga sifikar, sifika ta yi gum. Da sauri ta danna makunnin bango, fanka ta ɗauka. Mama ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta.

— Ba iska nake so ba, ta faɗa da ƙyar.

Sai a lokacin Malama ta gane. Ashe su biyu ne ke rayuwa da muryar nan! Ta ɗauki hutu a makaranta, ta yi kwana biyu tana dama ruwan zafi da zuma, tana gasa mata maƙogwaro. Gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa.

Asabar da hantsi hon ɗin motar Yaya ya tashi a bakin get. Malama ta miƙe, Mama ta damƙe gefen mayafinta.

— Na ji ku ranar Laraba, ta ce cikin raɗa. Kuma ki daina zaton ba na ganin ƙafafunki a ƙarƙashin labule. Ɗauko wayar nan.

Mama ta ɗora yatsa. Wayar ta nuna jimla uku na rajistar murya, Malama ta karanta su, sai da ta maimaita ta biyun sau uku. Sannan ta kashe fankar da hannu, ta fuskanci bango.

— Gida... kunna fanka.

— An kunna, uwar ɗakina. Idan kin ji wannan, to Mama ta haƙura. Dama na san za ta so ki, jinkiri ne kawai. Ku kula min da juna, ina nan tafe.

Malama ta durƙushe a wurin, kuka ya ƙwace mata. Wato tun kafin Auta ya tafi ya ɗauki nata amsoshin ya ajiye, bai gaya wa kowa ba.

— Ja'irin yaro! in ji Mama, tana dariya tana tari. Ni zai yi wa wayo? Ki yafe min, ƴata. Sake faɗa mana mu ji.

Hon ya sake tashi, wannan karon da fushi. Malama ta share ido.

— Gida, buɗe wa Yaya get.

Yaya ta shigo da shirin faɗa, ta tarar da suruka da surukarta a kujera ɗaya, kai a jingine da kai, suna ta wahalar da fanka.

Da Malama ta biye wa zuciya ta bar gidan tun watannin farko, da ba ta taɓa jin saƙon da aka ajiye mata ba. Iyaye kuma su sani: wadda ke son ɗanku ba kishi take yi da ku ba, kewar da ke cin ku ita ke cin ta.