Tsakuwa Uku a Mafitsarar Ɗanlele

"Jini yake fitsarwa... wallahi jini ne!"

Na dire kwandon magena a kan teburin asibitin dabbobi. Sai da na ɗago na ga wanda ke cikin farar rigar.

Shi ne, wanda na so na aura!

Wata biyar rabona da shi, tun ranar da na ce ya fita harkata. 'Yar kawuna ce ta rantse min yana soyayya da wata ma'aikaciyarsu. Gwaggo da ta raine ni kuwa dama ba ta ƙaunarsa, mai wankin karnuka take kiransa. Yau ga ta a bayana, ta rako ni tana mita.

Ya gaishe ta har ƙasa, ni ko kallona bai yi ba. Ya shafa marar Ɗanlele, magen ya saki wani kuka da ya tsinka min zuciya. Aka yi masa hoto.

"Tsakuwa ce a mafitsararsa, guda uku," ya ce. "Akwai abincin da kan narkar da wasu cikin makonni, amma ba kowace iri yake narkarwa ba. Ɗaya kuma tana bakin hanya. In ta toshe, kwana biyu ma da wuya ya kai."

"Tiyata fa?"

"Shekararsa goma sha biyu, zuciyarsa ta yi rauni. Zai iya yin barcin allura... ya ƙi tashi."

Na zube a kujera.

"Duk a kan mage?" in ji Gwaggo. "Mutane ma suna ciwo su haƙura!"

Na kalli likitan.

"Da naka ne, ya za ka yi?"

"Da nawa ne, yanzu zan shiga da shi." Ya sauke murya. "Amma naki ne. In ya mutu a hannuna, kin tsane ni sau biyu ke nan."

Hawayena suka zubo. Na tuna yadda Ɗanlele ya wuni yana tsugunawa a kaskonsa, yana nishi, ɗigo biyu kawai ke fita.

"A yi," na ce, na sa hannu a takarda.

Awa ɗaya da rabi muna kan benci. Can na ji shessheka a gefena.

"Gwaggo, kuka kike?"

"Mura ce!" Ta share ido da bakin mayafi. "Wa zai riƙa ɗumama min ƙafa in ya tafi?"

Ƙofa ta buɗe. Ma'aikaciyar da aka ce min yana soyayya da ita ce ta fito, da tsohon ciki tana tura shi, riƙe da 'yar kwalba. Tsakuwoyi uku a ciki, kamar ƙwayar shinkafa.

"Ya farka! Har ya yaƙushi likita," ta ce. "Ke ce amaryar tamu? Likita abokin mijina ne, mijina ya gaji da lallashinsa, wata biyar ba ya cin abin kirki."

Kunya ta rufe ni.

Na same shi yana wanke hannu. Ya ciro wayarsa ya miƙo min. Saƙonnin 'yar kawuna ne jere, tun daga washegarin rabuwarmu, tana tallar kanta. Ko ɗaya bai amsa ba.

"Me ya sa ba ka nuna min ba?"

"Kin toshe lambata, masoyiya."

"Ka yafe min..."

"Tun kina shigowa na yafe. Ban kalle ki ba ne don kar hannuna ya yi rawa."

Na yi dariya cikin kuka. A keji Ɗanlele ya ɗaga kai da ƙyar, cikinsa a aske, ya lashi yatsata.

Gwaggo ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Likita, yaushe za a cire masa zare?"

"Bayan kwana goma, Gwaggo."

"To, a gida za ka cire. Kuma ka taho da manyanka."