Shingen da Aka Cire

Ran Litinin da safe rumbun bayanan wani kamfanin rarraba magunguna a birnin Bandung ya tsaya cik. Tambayar da injin rumbun ke amsawa kafin ƙiftawar ido ta kai har azahar tana nuƙu-nuƙu. Manaja ya ce idan laifin Neneng ne, yau za ta kwashe kayanta, ya ɗora wa Teh Euis, mai duba aikin kowa, binciken.

Neneng ce sabuwar ma'aikaciyar da ta ƙirƙiro kalmar PAGAR, wato shinge. Injin yana da wani sashe mai tsara hanyar amsa tambayoyi, mai shegen karambani, wanda yakan narkar da ƙaramar tambaya cikin babba don sauri, wani sa'in ya yi ɓarna. Da, akan hana shi da wata dabara: a rubuta "tsallake layi sifili". Ba mai gane amfanin wannan sai ya je teburin Kang Dadang, tsohon ma'aikacin da ke can lungu. Kalmar Neneng kuwa, wadda ta maye gurbin dabarar, ko baƙo ya gani ya fahimta.

Euis ta gano an goge PAGAR guda ɗaya, daga kwamfutar ɗakin taro, ran Juma'a lokacin da maza suka tafi masallaci. Cikin kuka Neneng ta amsa cewa tana ofis a lokacin. Cecep, mai kula da injuna, yana da shaidu sahu guda da suka gan shi a masallaci. Euis ta koma ta riƙa cire shingayen ɗaya bayan ɗaya a injin gwaji. Duk sauran ba su yi komai ba. Wannan ɗin kaɗai ke durƙusar da rumbun.

Ta ɗauki shinkafarta ta tafi lungu, inda ita da Kang Dadang suka saba ci ba mai ce wa wani uffan.

"Kang, ka je masallaci ran Juma'a?"

"Na makara."

"Neneng ba ta san wane shinge ke ɗauke da ginin ba. Da ita ce, da ta goge barkatai. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya taɓa, bai kuskure ba. Ni sai da na wuni kafin na gano shi. Kai ka dasa shi tun farko, da tsohuwar dabararka."

Dadang ya rufe kwanonsa. Ya ce bai nufi yarinyar da sharri ba, kalmarta ma ta fi dabararsa kyau, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

"Tun da ta shigo da ita, ba wanda ya sake zuwa tambayata komai. Na ɗauka idan abin ya tsaya, wani zai zo."

Tausayinsa ya kama Euis. Amma dai ta je ta faɗa wa manaja gaskiya, Neneng ta tsira da aikinta.

Washegari da rana ta ɗauki shinkafarta, ta kai rabin hanyar lungun kafin ta tuna cewa Kang Dadang ba ya nan kuma.